Ranar Da Ɗan Wake Ya Yi Mini Ƙunshi

Daga tsakiyar Nuwamba Kano takan rage gudu. An daɗe da kai gero rumbu, ana yankan dawa, ana roron wake, iskar hunturu kuma ta fara turo hazo. Wanda ya saba fita kasuwa ƙarfe bakwai sai a gan shi ƙarfe tara a teburin mai shayi, hannu a hammata, hula ta rufe kunne. Wanka ya zama abin shawara. Leɓe ya tsage, dunduniya ta yi kaushi, man kaɗanya ya yi daraja. A irin wannan lokaci ciki ba ya son wasa. Abin da yake nema mai zafi ne mai nauyi, wanda in ya shiga da safe ba za a sake jin ƙorafi ba sai la'asar: kunun gyaɗa, faten tsaki da yakuwa, ko ɗan wake. A gidanmu ɗan wake ne sarki, ni ce mai naɗa shi, kuma ban taɓa jin wanda ya kushe hannuna ba.

Duk kaka surukata Hajiya takan yo mana saƙo daga ƙauye. Na bana ya zo a buhu da kwando: sabon wake, gyaɗa, kabewa, busasshiyar kuɓewa, daddawa, sai ƙulli biyu a baƙar leda. Ɗaya kuka ce. Ɗayan lalle ne na Auta, ƙanwar maigidan da ke karatu a wurinmu, saboda bikin ƙawarta. Hajiya ba ta wasa da ganye. Tun kafin bishiyar kuka ta zubar da ganyenta take sa a tsinko mata masu taushi, ta shanya a inuwa domin rana tana cinye koren, ta daka, ta tankaɗe da rariyar laushi. Haka take yi wa lallen ma, babu bambanci. In aka buɗe ledojin nan biyu, gari ne kore shar, lukui, babu wanda ya fi wani.

Sabon wake ba a kai shi inji yadda ya zo. Da sauran danshi a jikinsa, in aka zuba sai ya liƙe ya fito dunƙule-dunƙule, garin kuma ba ya jure ajiya. Na baza shi a tabarma hunturu ya yi aikinsa, sai da na ciji ƙwaya ta ce ƙas. Aka ɓarza, na sheƙe ɓawon, na haɗa wake kashi 2 da alabo kashi 1. Alabon a farfasa shi ƙanana tukuna, in ba haka ba mai inji zai yi ta mita, kuma a tsaya a ga abin da ya niƙa kafin naki, kada a kawo gida garin ɗan wake mai ƙamshin citta. Wasu suna ƙara alkama ko dawa. Masu gaggawa kuwa fulawa zalla suke kwaɓawa su kira shi ɗan wake, alhali ko ƙwayar wake bai gani ba. Allah ya shirye su.

Daren Juma'a ina cikin bargo, mura ta kama ni ta yi mini rijif, Auta ta leƙo.

"Anti, ina lallena?"

"Yana kwandon Hajiya a sito. Ɗauki naki ki bar mini nawa."

A lura da wannan magana da kyau, domin daga baya an so a juya ta. Na ce ta ɗauki nata. Ban ce ta ɗauki wanda hannunta ya fara taɓawa ba.

Da na idar da sallar asuba na shiga kicin. An ɗauke wuta tun dare, gari bai waye ba, hazo ya ƙara masa duhu. Na jingina waya a bakin taga tana ɗan haska mini. Hancina kuwa a toshe yake ƙam, ko daddawa aka kara mini ba zan ji ba. Na ɗauko ledar da ta rage a kwando, tun da ita kaɗai ce.

Ga ma'aunina, wanda bai taɓa ba ni kunya ba. Gwangwanin madara 4 na gari, babban cokali 2 na kuka, kanwa ungurnu gwargwadon ƙwayar gyaɗa 3. Kanwar a jiƙa ta tun dare, da safe a tsiyaye ruwan saman a bar yashin a ƙasa, in ba a so haƙori ya gamu da tsakuwa. A fara gauraya kuka da gari a bushe har launin ya zama ɗaya, sannan ruwan kanwa, sannan ruwa kaɗan-kaɗan ana juyawa da hannu. Ƙullun ya fi na ƙosai kauri, bai kai tuwo ba. Kowane da aikinsa: kuka ce ke riƙe garin kada ya watse a ruwa, alabo ya ba shi danƙo da santsi, kanwa ta tausasa waken ta kuma fito da yauƙin kukar. In kuka ta yi kaɗan ya narke, in ta yi yawa ya yi baƙi ya yi nauyi. In kanwa ta zarce ya yi ɗaci, ciki kuma ya ba da labari kafin azahar. Mu da yawa ne, don haka na ninka: gwangwani 8, cokali 4.

Na kwaɓa. Ƙullun da ya samu kuka, in aka ɗaga hannu sai ya biyo yatsu yana ja, ba ya son rabuwa. Nawa na ɗaga hannu ya faɗo ɓat. Na ce to, sanyi ne, bari in ba shi minti goma ya tsumu. Na dawo, yana nan yadda na bar shi. Na ƙara cokali biyu. Shiru. Na ƙara biyu. A raina har na fara tsara yadda zan gaya wa maigidan, cikin ladabi, cewa kukar mahaifiyarsa ta bana ba ta da ƙarfi, wataƙila tsufa ya fara taɓa idon Hajiya. Na jiƙa wata kanwar da ruwan zafi na tuttula. Na yi ta bugu, hannuna na dama cikin ƙullu har wuyan hannu, ina bugu ina jan hanci. Ƙullun dai ya ɗan haɗe, albarkacin alabo, launinsa kuma ya koma wani iri, amma a hasken waya duk kore kore ne.

Tukunyar ɗan wake babba ake so, ruwa rabinta, kuma sai ya tafasa yana tsalle kafin a saki ko ɗaya. Ruwan da bai tafasa ba shi ne babban mai narkar da ɗan wake, shi ya sa a hunturu ake yawan yin asara: ruwan randa ya kwana da sanyi, iska tana kaɗa wuta, mutum ya ga tururi ya ɗauka tafasa ce. Ni ban yi wannan gangancin ba. Na jira. Sannan na fara saki da yatsu uku, ƙanana-ƙanana, ina jiƙa hannu a ruwa don kada ya liƙe. Yadda abin yake, kowane zai nutse ƙasa, bayan minti biyu ko uku ya taso ya yi iyo. Kumfa za ta biyo baya, don haka ba a rufe tukunya ruf, a bar mata kafa, in ta yunƙuro a yayyafa ruwan sanyi. A juya sau ɗaya a hankali don na ƙasa kada su kama, a bar shi minti 10 zuwa 15 bayan ya taso. A ciro ɗaya a raba biyu: in babu farin gari a tsakiya, ya nuna.

Na gama saki na tsaya ina jiran su taso. Suka ƙi. Na leƙa da fitilar waya, ban ga kowa ba. Na sa matsami na zagaya tukunya, na ɗago, babu komai a ciki sai wani ruwa mai kauri yana tsiyaya, ja bai cika ja ba, ƙasa-ƙasa, kamar ruwan kududdufi bayan shanu sun sha sun tafi. Gwangwani takwas na sabon wake sun shiga tukunya, ko gawa ɗaya ba a gani ba. Na ɗanɗana a bakin cokali. Bauri ya naɗe mini harshe.

Ina tsaye a haka maigidan ya dawo daga masallaci, ya tsaya hira a waje har gari ya yi haske. Yana sa ƙafa a tsakar gida ya ɗaga hanci.

"Uwargida, wa ke ƙunshi da sassafen nan?"

"Wane irin ƙunshi kuma? Ɗan wake nake yi."

Ya leƙa tukunya, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ikon Allah. Kunu ne?" Ban amsa ba. Ƙaramin ɗana da ya biyo shi cikin rigar sanyi ya kama zanina ya ce, "Umma, hannunki ya yi kyau."

Na fito da hannun fili. Farce biyar sun yi ja. Tafin hannu ya yi ruwan goro, yatsu ukun da nake saki da su sun fi ko'ina kamawa, a wuyan hannu kuma ga layi ya zagaye daidai inda ƙullu ya tsaya. Na dubi hannu, na dubi tukunya, na dubi ledar Hajiya da na kusa cinye rabinta. Maigidan ya juya baya yana gyara hular da babu abin da ya same ta, kafaɗunsa suna rawa.

Sai tambaya ta faɗo mana gaba ɗaya: in lalle yana tukunya, ina kuka?

Ba mu rufe baki ba muka ji ƙofar Auta. Yarinyar nan ta yi aiki a daren. Ta yanka salatif ta yi zanen fulawa a ƙafa biyu, ta kwaɓa garinta da ruwa da lemon tsami, ta ga yana wani irin yauƙi, ta ce lallen ƙauye ke nan, mai danƙo, ba irin na kasuwa ba. Ta lafta, ta ɗaure da leda, ta gasa ƙafa a kaskon gawayi saboda lalle ba ya son sanyi, ta sa safa ta kwanta. Da safe ta zare safa ta taka siminti da ledar. Ƙafar dama ta yi gabas, ta hagu ta yi yamma, ta zauna daɓas a bakin ƙofa, wani koren yauƙi yana fitowa ta gefen leda. Da aka wanke, ƙafa fes, ko ɗigon ja babu, sai dai ta yi laushin da duk hunturun nan babu ƙafar da ta yi irinsa a unguwarmu.

"Anti, lallen Hajiya bai kama ba!"

Na ɗaga mata hannuna na ce, "Ya kama."

Ga mai mura, ko mai girki a duhu, gwajin ba ya cin minti ɗaya. A ɗebi garin da yatsa biyu, a ɗiga ruwa, a murza. Kuka nan take za ta yi santsi ta ja zare in an buɗe yatsun. Lalle zai tsaya ƙasa-ƙasa, ba ya jan zare, in an bar shi jim kaɗan ya bar shaida a fata. Kuma ƙullun da aka ba ma'auninsa bai yi yauƙi ba, ƙari ba zai gyara shi ba, a tsaya a duba leda. Abin da ke tukunyar nan kuwa ba abinci ba ne, ko akuya ban ba ba, a rariya na tuttular.

Allah ya taimaka Auta ba ta ƙarar da kukar ba, garin wake kuma da saura. Na sake ɗora ruwa. Wannan karon cokali huɗu suka isa, ƙullu ya biyo hannu, 'yan waken suka nutse suka taso ɗaya bayan ɗaya, kumfa ta yunƙuro na yayyafa mata ruwa. Lokacin zafi akan tsame ɗan wake a ruwan sanyi don ya sake santsinsa kada ya manne, amma a hunturu ruwa mai ɗumi ake sa wa, domin in ya huce man da za a zuba sai ya daskare a kansa. Man gyaɗan ma ya yi barci a kwalba, sai da na tsoma ta a ruwan zafi. Na soya shi da albasa har ta yi ja, na barbaɗa yajin ƙuli-ƙuli, na yanka tumatir da dafaffen ƙwai. Ƙarfe goma sha ɗaya aka karya kumallo. Maigidan ya ci kwano guda, ya nemi ƙari, yana miƙo kwanon ya ce a zuba masa da hannun amaryar.

Da yamma ya kira Hajiya, wai gaisuwa, ya sa wayar a fili kowa na ji. Ta saurari labarin har ƙarshe, ta yi salati, sannan ta ce ita ba ta ga abin ruɗewa ba: ledar kuka ƙulli biyu ta yi mata, ta lalle ƙulli ɗaya, haka take yi tun kafin a haifi ubansu yaran nan, kuma kowa ya sani. Auta ta ce laifina ne da ban tashi na ba ta da hannuna ba. Na ce laifin wanda ya fara zaɓa ne. Maigidan ya ce shi ba alƙali ba ne, ya ɗauki buta.

Sauran lallen bai isa ƙafa biyu ba, don haka Auta ta je bikin da safa, ta ce wa ƙawayenta sanyi take ji. Ni na raka ta. A wurin kamu wata mata ta kama hannuna na dama ta juya shi, ta nemi na hagun ta ga babu komai, ta tambaye ni ko sabon yayi ne, kuma nawa mai ƙunshin take karɓa. Na ce mata gwangwani takwas.