"Kana da Kai" Ba Yabo Ba Ne ga Maƙaryaci

Jiya da la'asar ina shagon wani mai gyaran waya, sai ga wani dattijo ya zo karɓar tasa da ya bari tun makon jiya. Wayar tana cikin durowa, ko buɗe ta ba a yi ba. Yaron ko ƙifta ido bai yi ba ya ce: "Baba, ai kayan na yi odarsu daga Legas, motar ce ta lalace a Lokoja." Dattijon har da sa masa albarka. Yana juya baya abokan suka kwashe da dariya, ɗaya yana tafi: "Wallahi kana da kai!"

Wannan "kana da kai" ita ta hana ni barci. Samari, yaushe shirga ƙarya ya zama basira? Tela ya ce "yau da dare" har Sallah ta wuce, ku ce ya iya baki. Wani ya nuna wa mai shayi alat na bogi, ku ce ɗan gari ne. Ga shi ba ku ma iya gaida manya, ido na kan TikTok.

Ban ce babu alaƙa tsakanin ƙarya da basira ba. A 2012 wasu masana halayyar ɗan Adam, Francesca Gino da Dan Ariely, sun wallafa bincike cewa masu fasahar ƙirƙira sun fi saurin maguɗi, don sun fi kowa iya samo wa kansu hujja. Wato kafin ka ruɗi Baba, kanka ka fara ruɗa. A 2014 Gino da Scott Wiltermuth suka ƙara da cewa maguɗin ma yana buɗe kai. To, ramin ƙarya ƙurarre ne: a 2023 aka janye wannan takarda ta 2014 bisa zargin coge a alƙaluma, a 2025 Jami'ar Harvard ta raba Gino da kujerarta ta farfesa, ko da yake tana musantawa.

Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Kan da ya ƙago motar Lokoja cikin daƙiƙa biyu, ai da ya gyara wayar. Ku dai ji tsoron Allah.

Kakanninmu sun ba mu tatsuniyar Gizo ne don mu yi masa dariya, ba don mu gaje shi ba. A zamaninsu fatake ke karɓar kaya bashi su nufi Gwanja, ba takarda ba sa hannu, su dawo bayan watanni su biya. Yanzu ko cajar waya ka ba da aro, sai ka bi sawu.