Dokar Ingila ta 1597 kan gidajen talakawa: a kawo gonar kafin a aza tubali

A 1597, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, majalisar Ingila ta yi wata doka kan kafa asibitocin talakawa, kuma a ganina duk mai sha'awar harkar wakafi ya kamata ya san ta. Asibitin da ake nufi galibi ba na jinya ba ne. Gida ne da ake ajiye tsofaffi da guragu da makafi, a ba su ɗaki da sutura da ɗan kuɗin cefane har rai ya yi halinsa.

Matsi ne ya haifi dokar. Tsakanin 1536 da 1540 Sarki Henry na Takwas ya rushe gidajen 'yan zuhudu ya ƙwace filayensu, gidajen sadaka da dama suka tafi tare da su. Daga 1594 zuwa 1597 kuma damina huɗu a jere ba ta yi kyau ba, hatsi ya yi tsada, mabarata suka cika hanyoyi. Ga masu hali da niyyar taimako, amma tun 1279 akwai dokar da ta hana mallaka wa coci ko wata ƙungiya mai ɗorewa fili ba da izinin sarki ba. Dalilin a fili yake: ƙungiya ba ta mutuwa, don haka kuɗin da sarki da iyayen ƙasa ke karɓa idan gado ya sauya hannu ya tsaya ke nan. Neman wannan izini kuwa yana cin kuɗi da lokaci.

Sai dokar 1597 ta rage hanya. Wanda ke da fili mallakin kansa ya rubuta takardar kafa gida, ya sa hannu da hatimi, ya yi mata rajista a babbar kotun Chancery. Shi ke nan, ba sai an je fada ba. Gidan ya samu suna da hatiminsa, yana iya mallakar dukiya, ya kai ƙara, a kai shi ƙara. Mai kafawa ne ke rubuta ƙa'idojin zama, ya naɗa shugaba, ya zaɓi wanda zai riƙa zuwa dubawa.

Inda dokar ta burge ni shi ne iyakoki biyun da ta sa. Ba a kafa gida sai an jingina masa filin da ke kawo aƙalla fam 10 a shekara, kuma abin da filayensa ke kawowa kada ya wuce fam 200. Fam 10 ba wani abin a zo a gani ba ne. Fam ɗaya kwabo 240 ne, leburan gini a kudancin Ingila yana samun kusan kwabo 8 a yini, wato fam 10 ladan kwana 300 ne na lebura guda. Bakin mutum biyu ko uku kawai zai riƙe. Amma ya toshe ƙofar mai son suna da zai tayar da gini, a yi bikin buɗewa, ya bar tsofaffi da bango babu tuwo. Iyakar saman kuma ta kare rabon sarki. Attajiri irin Thomas Sutton, da ya kafa Charterhouse a Landan a 1611 don tsofaffi 80 da ɗalibai 40, dukiyarsa ta zarce wannan iyaka nesa, don haka takardar izini ta Sarki James ya samu.

Shekara 20 aka yanka wa dokar da farko, a 1624 aka mayar da ita dindindin.

To ina ɓarakar take? Wuri biyu. Na farko haya. An hana shugaban gida sayar da fili, an hana shi bayar da haya fiye da shekara 21, an ce kuɗin haya kada ya gaza wanda aka saba karɓa. Kariya ce a takarda, amma zamanin tashin farashi ne. Sai ya zama ana barin hayar a tsohon farashi, a karɓi dunƙulen kuɗi a hannun ɗan haya ranar sabunta yarjejeniya. Tsofaffin gida na nan kan ɗan abin da aka rubuta musu tun farko, dunƙulen kuwa sau da yawa ya tsaya a aljihun shugaba.

Na biyu ya fi ciwo. A 1601 majalisa ta yi dokar bin sawun dukiyar sadaka: a naɗa kwamiti, bishop na yankin a ciki, a rantsar da mutum 12 ko fiye daga mutanen yankin su binciki inda kuɗin ya shiga. Amma dokar ta tsame duk asibitin da mai kafa shi ya riga ya naɗa wa mai dubawa na musamman. Idan mai dubawar jikan mai kafawa ne da ya koma Landan, ko aminin shugaban gida ne, an ba kura ajiyar nama, kwamitin kuma ba shi da hurumin buɗe littafin kuɗin.