Alhaji Bakano da wayar araha

Safiya ce a Dilimi, da irin sanyin Jos ɗin nan da ke sa mutum ya zauna yana shawara da buta kafin ya yi alwala. Alhaji Bakano yana zaune a kan kujerar wata matacciyar mota, a filin da yake tara kayan bola. Kwali a gefe guda, robobin ruwa da na lemo tsibi guda kamar dutsen Shere, injin matse dila a tsakiya. Sai ga yaronsa yana hura hannu.

YARO: Maigida, waya ta ƙare.

ALHAJI: To ka sa ta caji mana.

YARO: Ba ta kira ba, ta ɗaure dila.

ALHAJI: Naɗin da na sayo farkon damina? Miya kuke yi da ita?

YARO: Rabi mun ɗaure kaya, rabi tsatsa ta cinye. Kai ka ce a ajiye ta bayan shago, ruwan Agusta ya ƙare a kanta.

ALHAJI: Ba na ce a rufe ta da kwali ba?

YARO: An rufe. Kai ka zo ka ɗauke kwalin ka ɗora a sikeli.

ALHAJI: To kwali ai kuɗi ne. Je ka cikin gida ka ce wa Hajiya ta ba ka igiyar shanya.

YARO: Ita muka yi amfani da ita wancan makon. Har yanzu Hajiya a kan katanga take shanya, kuma ta ce in na sake leƙowa da muciya za ta tarbe ni.

ALHAJI: Tsohon tyub ɗin babur fa?

YARO: Maigida, roba ce za ta ɗaure roba? Duk su biyun miƙewa suke so su yi.

Alhaji ya yi tsaki, ya lalubi aljihu kamar mai neman ƙaya, suka kama hanyar kasuwar kayan gini ta hanyar Bukuru. A can akwai wani Malam Bazazzagi mai sayar da waya da ƙusa, irin mutanen nan da in ka tambaye su ƙarfe nawa sai sun fara ba ka tarihin agogo.

BAZAZZAGI: A'a, yau bayina ne a gari! Alhaji, lafiya ka taho da ƙafarka? Ko an ce ana rabon wani abu kyauta?

ALHAJI: Bawa dai ya san ubangidansa. Waya nake so, ta ɗaure dila. Kuma kar ka fara mini lacca, ba Samaru muke ba.

BAZAZZAGI: Dilar me? Kwali ko roba?

ALHAJI: Ina ruwanka? Waya ai waya ce.

BAZAZZAGI: Da ruwana. Kwali in ka danne shi ya dannu, mai haƙuri ne. Robar ruwa kuwa kamar Bakano take, ko ka danne ta sai ta nemi hanyar tasowa. Ita geji 11 take so, ko 12 in dilar ba ta da girma.

ALHAJI: Nawa kilo?

Malam ya faɗi kuɗi. Alhaji ya dafe ƙirji ya nemi benci.

ALHAJI: Inna lillahi! Waya ce ko sarƙar gwal? A garin nan fa gwamnati ta gina kamfanin mulmula ƙarfe, irin na Katsina da na Osogbo. Rodi da waya aka ce zai riƙa yi.

BAZAZZAGI: To ka je can ka ƙwanƙwasa, in an buɗe maka ka sayo mini ni ma. Tawa dai daga Legas na saro ta, na biya mota, na biya 'yan dako.

ALHAJI: Waccan siririyar da ke rataye fa?

BAZAZZAGI: Ta magina ce, ta ɗaure rodi kafin a zuba kankare. Geji 16.

ALHAJI: Tsaya. Nawa ka ce?

BAZAZZAGI: 16.

ALHAJI: Yaro, 16 da 11 wanne ya fi yawa?

YARO: 16, Maigida.

ALHAJI: Ka gani! Yana ɓoye mini babbar lamba yana tura mini ƙarama. Wallahi Zagezagi sai a bar ku.

BAZAZZAGI: Alhaji, a waya lamba baya-baya take tafiya. Ka taɓa ganin mai jan alawa? Duk ja ɗaya sai ta ƙara sirancewa. Haka ake jan waya ta cikin ƙaramar kafa, a sake ja ta wadda ta fi ta ƙanƙanta. Asalin lambar ke nan, yawan ja. Mai 11 kaurinta wajen milimita 3 ne, mai 16 kuwa ɗaya da rabi da 'yar ɗoriya.

ALHAJI: Wato wadda ta fi shan wahala. To ai ita ce za ta fi juriya. Kilo ɗaya mita nawa ne?

BAZAZZAGI: Mai kaurin, wajen mita 18. Siririyar ta kai 60.

A nan ne idon Alhaji ya yi wani irin haske. Duk wanda ya taɓa ciniki da mutumin Kantin Kwari ya san wannan hasken, kuma ya san daga nan ba sauran jin magana.

ALHAJI: 60! Yaro, riƙe ni. Shekara nawa ana cutata?

BAZAZZAGI: Ba wanda ya cuce ka. Ƙarfin waya a jikin ƙarfenta yake. Inda mai kauri ɗaya za ta riƙe, sai ka haɗa siririya uku ko huɗu. In ka ninka 18 sau uku da rabi me ka samu? Ka dawo inda ka taso, ga wahalar murɗawa a banza.

ALHAJI: Wa ya ce zan ninka? Ɗaya-ɗaya zan sa, in yi bisimilla.

BAZAZZAGI: To in da gaske ragi kake nema, zauna in gaya maka inda kuɗinka ke zuba. Kai yaro, da me kake auna wayar kafin ka yanka?

YARO: Da ido.

BAZAZZAGI: Kewayen dilarku nawa?

YARO: Mita 4 da abin murɗawa. Ni dai nakan yanka 5, don kar ta gaza Maigida ya ce a cire a albashina.

BAZAZZAGI: Waya nawa a dila?

YARO: 5.

BAZAZZAGI: Dila nawa a mota?

YARO: In ƙaramar mota ce, 20.

BAZAZZAGI: Mita 100 ke nan a ƙasa, sama da kilo 5 duk lodi. Ka kafa ƙusa biyu a jikin katako, tsakaninsu daidai tsawon da ake so, kowace waya a auna a nan. Sannan baƙar waya ba ta shiri da ruwa. Ɗan man da ke jikinta na kwana biyu ne, a ɗora ta kan katako a cikin ɗaki. In kuma dilar za ta daɗe a waje, a sayi fara, mai irin rufin da ke jikin kwanon rufi. Ta fi tsada, amma tsatsa na jin kunyarta.

ALHAJI: Ka ga, ya fara. Daga ragi mun koma "ta fi tsada".

BAZAZZAGI: Kuma ku nawa ne masu injin dila a layinku? Ku haɗa kuɗi ku ɗauki babban naɗi a farashin sari, ku raba a sikeli.

ALHAJI: In haɗa kuɗi da su, su san dila nawa nake ɗaurewa a wata? Gobe a turo mini 'yan neman taimakon biki? Allah ya kiyaye.

BAZAZZAGI: Na ƙarshe, kuma wannan kyauta ne. Ku riƙa cire murfin roba kafin ku matse, ko ku huda ta. Gora mai murfi cike take da iska, inji zai danne ta, amma tana nan tana jiran ranarta.

ALHAJI: In cire murfi? Murfin da na saya a kan sikeli? Malam, auna mini siririyar nan kilo 10, kuma ka cire nauyin igiyar da ka ɗaure ta.

BAZAZZAGI: Araha dai ba ta ado.

ALHAJI: Bola nake sayarwa, wa ya ce maka ado nake nema?

Bayan azahar aka loda robobi a inji, da murafensu. Aka danne, aka zura waya biyar, yaro ya murɗe da filaya. Alhaji ya tsaya a gaba, hannu a baya, kamar mai duba faretin 'yan sanda.

ALHAJI: Saki injin.

YARO: Maigida, ka ɗan matsa.

ALHAJI: A filina? Saki!

Tas! Tas! Tas! Waya ta farko ta tafi da hular Alhaji, ta biyu ta tsinke masa carbi, sauran ba wanda ya tsaya ƙirgawa. Robobi suka yi sama kamar an tashi tantabaru.

YARO: Maigida, kana raye?

ALHAJI: Nemo mini hulata. Wannan ba laifin waya ba ne, hannunka ne ba albarka. Sa biyu-biyu.

Aka sa biyu-biyu. Dilar ta yi shiru na ɗan lokaci, har Alhaji ya buɗe baki zai yi magana, sai ta yi wani nishi ta buɗe ta gefe.

ALHAJI: Uku-uku.

YARO: Uku-uku ta riƙe, amma tana kuka.

ALHAJI: Ta yi ta kuka, ba ni na haife ta ba.

YARO: Sai dai kilo 10 ɗin ba za ta kai mu dila 20 ba. Lissafin Malam ne ya fito, har da wadda ta tsinke a banza.

ALHAJI: Kar ka sake ambatar sunan mutumin nan a filina. Daga yanzu kowace dila zagaye uku, ba biyar ba. Wadda za a sa a ƙasan mota ma biyu sun isa, 'yan uwanta za su danne ta.

Aka yi lodi da daddare, direba ya ɗauki hanyar Legas da asuba. Wajen hantsi wayar Alhaji ta yi ƙara, ta kiran dai.

DIREBA: Alhaji, kana zaune ko kana tsaye?

ALHAJI: Ka isa Akwanga?

DIREBA: Ina Hawan Kibo. Ni na tsaya, kayanka ne suka wuce gaba.

ALHAJI: Kamar yaya suka wuce gaba?

DIREBA: Ina cikin gangara na taka burki a kwana, sai na ji kamar ana harbi a bayana. Kwandasta ya yi tsalle ya shige daji, ya ɗauka 'yan fashi ne. Ina duba madubi sai na ga roba tana bin kwalta, wasu har sun riga ni sauka.

ALHAJI: Duka?

DIREBA: Saura dila biyu. Su ma ba na son yadda suke kallona.

ALHAJI: To me kake jira? Ku tattara!

DIREBA: Ai an riga an tattara. Yaran ƙauyen nan akwai zafin nama, kowa da buhunsa. 'Yan Rod Sefti ma sun zo, sun ce in ban share hanya ba za su rubuta ni.

ALHAJI: Alhamdu lillahi, Allah ya yi wa yaran albarka. Ka ce su zuba a mota.

DIREBA: Na faɗa. Sun ce nawa kake sayen kilo.

ALHAJI: Kilon me? Kayana ne!

DIREBA: Sun ce su a ƙasa suka tsinta, kuma sun ji labari a Dilimi akwai wani Alhaji da ke sayen duk abin da aka tsinta a ƙasa.

Alhaji ya yi shiru har direba ya ɗauka layi ne ya yanke.

ALHAJI: Da murfi suke ko babu?

DIREBA: Da murfi.

ALHAJI: Ka ce su cire. Ba zan sayi murfi sau biyu ba. Kuma guntayen wayar da suka tsinke, ka tsince mini su, ƙarfe ne.

Washegari tun kafin a gama buɗe shaguna, Malam Bazazzagi ya tarar da mutum zaune a bencinsa, ya ja hula har gira.

BAZAZZAGI: Wa nake gani kamar bawana? An ce jiya an yi ruwan roba a Hawan Kibo.

ALHAJI: Ban zo hira ba. Wani abokina ne ya aiko ni, yana son geji 11.

BAZAZZAGI: Allah sarki. Abokin naka ne waya ta tsaga wa hula haka?

ALHAJI: Ɗinkin yayi ne. Nawa ka ce kilo?

BAZAZZAGI: Yadda na gaya maka shekaranjiya.

ALHAJI: Haba Malam, ka ji tsoron Allah. Da bakinka ka ce 11 ce. Ta 16 ma nawa na biya? Sai ka cire mini kuɗin lamba biyar ɗin da babu.

YARO: Maigida, ƙusa biyun da za mu kafa a katako fa?

ALHAJI: Ɗaya za mu saya. Ɗaya gefen ka riƙe da yatsa.