Yaushe Za a Gama Ginin?

BAFFA: Kai dillali, tun a bakin Kasuwar Kurmi muka bar mota. Gidan nan a Kano yake, ko mun kama hanyar Katsina ne?

DILLALI: Saura ƙiris, Alhaji. Tattara riga, ka tsallake kwatar nan da bismilla.

INJINIYA: Baffa, a can waje kuɗi ake zubawa don a zauna a unguwar da mota ba ta shiga.

BAFFA: Mu kuma sai da muka tara kuɗi muka gudu daga cikinta. Tun 2013 da aka hana acaɓa, ko mara lafiya a lungun nan sai dai a baro.

Injiniya dai kwas na wata uku aka tura shi Amurka. Tun da ya dawo, ko koko aka dama masa sai ya ce a can ba haka ake damawa ba. Abin da ya ƙera kuwa har yau ido bai gani ba, amma kira shi da sunan yanka ka ga ɓacin rai. Yanzu aure zai yi, shi ne ya jawo Baffa ya ga gidan da yake son kamawa haya.

Suka kama matakalar ƙarfe mai murɗiya, hawa uku. Baffa ya iso sama yana haki, hula a hannu.

DILLALI: Alhamdulillahi. Ga lof ɗin nan, Alhaji, wato gidan sama mai fili ɗaya irin na Amurka. Duk cikin ganuwa babu na biyunsa.

BAFFA: Masha Allah, fili ya yi fili. Yaushe za a gama ginin?

INJINIYA: An gama, Baffa.

BAFFA: Ban ga filasta ba.

INJINIYA: Da gangan aka kankare ta, don jan bulon ya fito.

BAFFA: Kankarewa aka yi? Da kuɗi?

DILLALI: Lebura shida, Alhaji, sati biyu cur.

BAFFA: Silin fa? Ga kwano ina gani, ga wayoyin wuta suna reto, ga bututun ruwa ya ratsa ta saman kaina.

INJINIYA: Shi ne adon. Komai a fili, ba ɓoye-ɓoye.

BAFFA: Kada ka ji kunyata, ɗan nan. In kuɗi ne suka yanke wa mai ginin, ba a kansa farau ba. Ni ma gidana na Gwammaja shekara huɗu ya yi ba fenti. Yaushe za a gama?

INJINIYA: Baffa, wallahi an gama!

Baffa ya tsaya cak, ya buɗe hanci ya ja iska, ya sake ja. Sai ya ɗaga kai ya ga wata tsohuwar ƙugiya a jikin ƙarfen rufi, an rataya mata fitila mai ruwan zinare.

BAFFA: La ilaha illallahu. Wannan ai siton ƙirgi ne! Ina yaro na yi dako a nan. Da ƙugiyar can muke jawo fata daga ƙasa. A lungun can, inda kuka ajiye kujerar da ba ta da hannu, nan gafiya ta cije ni.

DILLALI: Ka ji ko, Injiniya? Shaida daga bakin dattijo. Wannan ƙamshin tarihi ne, ba a samunsa a Nasarawa.

BAFFA: Wari ne.

INJINIYA: Baffa, ai asalin abin ke nan. A Soho, cikin birnin Niyok, tsofaffin masana'antu da sito-sito ne aka watse aka bari. A shekarun 1960 masu zane-zane suka riƙa shiga suna kwana a ciki, don da araha, ga fili ga haske. Hukuma ma ba ta yarda ba da farko, sai daga baya, har aka yi wa abin doka a 1982. Yau manyan attajirai ne a wurin.

BAFFA: Masu zanen fa?

INJINIYA: Haya ta fi ƙarfin yawancinsu, sun tashi.

BAFFA: Wato talaka ya share wuri, mai kuɗi ya zo ya shimfiɗa tabarma.

DILLALI: Abin da muke fata a nan ke nan. Au, wato... ci gaba muke fata.

BAFFA: To, nuna mini ɗakunan.

INJINIYA: Ga su nan kana tsaye a ciki. Nan falo, can kicin, gado kuma yana sama, ta tsanin nan ake hawa.

BAFFA: Amaryar ce za ta hau tsani? Da tsohon ciki ma? Ina zauren da za ka sauki baƙi maza? In surukarka ta zo kwana biyu, ina za ta sa haƙarƙarinta, ko gaisawa za ku riƙa yi daga kan gado? In an jefa daddawa a tukunya, rigunanka na Juma'a suna rataye taku biyu daga murhu. Turmi fa? A hawa na uku za a daka sakwara, na ƙasa su ɗauka tashin kiyama ce? Ragon layya a ina za ka ɗaure shi?

INJINIYA: A can ba a...

BAFFA: In ka ƙara aure kuma?

INJINIYA: Ni mace ɗaya ta ishe ni.

BAFFA: Haka ubanka ya ce.

Daga nan Baffa ya naɗe hannun riga ya fara auna wuri da taku. Wanda ya san shi ya san an shiga uku, don mutumin da ya taɓa yin sati yana jayayya da birkila a kan bulo tara ba ya gajiya da wuri.

BAFFA: Taku goma sha biyu. A ja bango daga nan zuwa can, ka samu turaka. A yanka nan, ɗakin uwargida. Wancan bahon wankan da aka dasa a tsakiyar ɗaki, ban san wanda ya yi wa mai shi asiri ba, a kewaye shi. Gobe zan turo maka magini.

INJINIYA: In aka sa bango ai an kashe gidan!

BAFFA: In ba a sa ba an kashe auren.

DILLALI: Alhaji, bar maganar bango, zo ka ga taga. Gilashi tun daga ƙasa har sama. Ga Dala, ga Goron Dutse. Kurmin da ka baro, Sarki Muhammadu Rumfa ne ya kafa ta, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata duk da ƙafa za a je.

BAFFA: Rumfa ne zai biya hayar?

DILLALI: Har badala ana hangowa, wadda Sarki Gijimasu ya fara ginawa.

BAFFA: Ina take?

DILLALI: Ka ga gidan man can? To bayansa, tsakanin shagunan nan biyu. Ɗan tudun da akuya take tsaye a kai.

Wannan kam dillali bai yi ƙarya ba, kuma abin ba na dariya ba ne. Tarihin da ake sa wa kuɗi a takardar haya, shi ake yanka filoti-filoti.

Baffa ya matso ya leƙa ƙasa. Tsakar gida bakwai a buɗe, har da mai tankaɗe da mai kitso.

IYA (daga ƙasa): Kai! Wane mara kunya ne yake leƙa mana gida? Au, har da furfurarka? Yau sai Mai Unguwa ya ji wannan magana!

BAFFA (ya ja da baya da sauri): Ka gani ko? Shekara sittin ina tara mutunci, tagarka ta zubar a minti ɗaya. A toshe ta da bulo, a bar 'yar kafa a sama yadda kakanninmu suka yi. Taga tana kallon yamma, a Kano, a watan Afrilu? Gasa ka za ta yi kamar tsire.

INJINIYA: Akwai na'urar sanyaya ɗaki.

BAFFA: Da wace wutar?

Aka yi shiru. Dillali ya shiga duba wayarsa, ko da yake ba wanda ya kira shi.

BAFFA: Ruwa fa? Bututun nan da kuka yi ado da shi, akwai abin da yake bi ta ciki?

DILLALI: Akwai mai garuwa, mutumin kirki. Sai dai ya ce kowane hawa da kuɗinsa.

BAFFA: Nawa ne hayar?

DILLALI: Don kai ne, miliyan 12 a shekara, shekara 2 a dunƙule. Sai la'ada kashi 10 cikin 100, sai kuɗin lauya, sai ɗan abin da ake ajiyewa ko da an fasa wani abu.

BAFFA: Me zai fasa? Ba bango, ba ƙofa, ba silin. Duk abin fasawa kun riga shi.

INJINIYA: Baffa, ka taimaka. Na riga na sa hoton a Instagram.

Baffa bai ko dube shi ba. Ya je ya kama ƙugiyar nan ya jijjiga, fitila ta yi ƙara, ƙugiya ko gezau. Fuskarsa ta washe a karon farko tun safe.

BAFFA: Ƙarfen da, ba na yanzu ba. Dillali, wurin nan zai ci buhu nawa?

DILLALI: Buhun me, Alhaji?

BAFFA: Zoɓo da citta. Ka gaya wa mai shi na taya miliyan 2, a matsayinsa na sito. Ya kwashe bahonsa. In ya gama ginin wata rana, sai mu sake magana.

INJINIYA: Ni kuma fa?

BAFFA: Akwai ciki da falo a Gwammaja, da ƙofa, da silin, da filasta sumul. Kyauta.

INJINIYA: To... a bar ni in kankare filastar falon, ko bango ɗaya ne.

BAFFA: Taɓa ka gani.

DILLALI (ƙasa-ƙasa): In ka samu ka kankare, Injiniya, kira ni. Ina da wani da ya dawo daga Landan jiya.