Ƙannena, Ku Daina Mayar da "Ƙila" Ta Koma "Tabbas"

Daren jiya wani ƙanena ya turo mini bidiyo a WhatsApp, mai magana yana ta haki, wai an kama saƙon rediyo daga halittun wata duniya, kuma daga jikin 3I/ATLAS ya fito. A ƙasa ya rubuta: "Yaya, masana sun tabbatar." Na ce wane masani? Shiru. Ashe ko rabin bidiyon bai kalla ba ya watsa shi. Wallahi raina ya ɓaci.

Shi 3I/ATLAS tauraro ne mai wutsiya da aka gano ranar 1 ga Yuli 2025 da na'urar hangen nesa a ƙasar Chile, baƙo na uku da aka sani ya shigo daga wajen dangin rana, bayan 'Oumuamua a 2017 da Borisov a 2019. Siginar da ake ta jingina masa kuwa tsohuwa ce. A 1977 na'urar sauraren sararin samaniya ta Big Ear da ke Ohio a Amurka ta ji ta na daƙiƙa 72, masanin taurari Jerry Ehman ya rubuta "Wow!" a gefen takardar, ba a kuma sake jin ta ba. Masanin taurari Avi Loeb na Jami'ar Harvard ya yi hasashen ƙila akwai alaƙa, don kusurwoyin da suka fito ba su yi nisa da juna ba. Ƙila ya ce. Kafin maganar ta iso wayoyinku, kun yanke mata "ƙila" kun ɗora mata rantsuwa. Haba!

Su masu aikin ba haka suke yi ba. A 1967 Jocelyn Bell ta ji wata sigina mai bugawa a kai a kai, aka yi ta bincike har aka gane tauraro ne mai juyawa. A cibiyar sauraren sararin samaniya ta Parkes a Ostareliya an shekara da shekaru ana jin wata baƙuwar sigina, sai a 2015 aka gano na'urar ɗumama abincin ma'aikata ce, in an buɗe ta kafin ta tsaya. 'Oumuamua ma an kafa masa kunne da na'urar Green Bank, ba a ji komai ba. Mutane sun yi haƙurin shekaru, kai ka kasa na minti biyar. Matambayi ba ya ɓata, amma kun mai da tambaya abin kunya, turawa kuma abin burgewa.

Ban ma zo kan masu neman mabiya da kuɗin kallo ba, waɗanda har alamomin tashin ƙiyama suke cusawa a ciki, suna faɗa wa addini abin da bai faɗa ba. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma kafin furen ya kaɗe tsofaffi nawa aka hana barci?

Ku riƙa tsayawa, ku riƙa dubawa. Mun taso in aka tambayi dattijo abin da bai sani ba, sai ya ce "Allahu a'alamu" ya ja bakinsa, kuma wanda aka kama da yaɗa ji-ta-ji-ta kan kwana biyu bai iya haɗa ido da mutane ba. Ƙanen nawa kuwa, da gari ya waye, wani bidiyon ya sake turo mini.