Da kuɗinka, amma sai kwamiti ya ga dama

Yawancin gidajen bene da ake sayarwa a Manhattan, wani yanki na birnin New York a Amurka, na haɗin gwiwa ne. Hannun jari kake saya a kamfanin da ya mallaki ginin, shi ya sa sai kwamitin mazauna ya amince da kai. Banki ya yarda da rance, ka tanadi kashi 20 cikin 100 na kuɗin gidan ko fiye, mai gida ya sallama, duk bai isa ba. 'Yan kwamitin su nemi takardun haraji, bayanan asusu, wasiƙun shaida, sannan su kira ka ganawa kamar mai neman aure. Ka yi watanni cikin zullumi, kuɗin lauya ya riga ya tafi, daga ƙarshe a ce an ƙi ka, ba dalili. Haba! To wanda aka ƙi saboda launin fatarsa ko addininsa, ta yaya zai gane, balle ya kai ƙara?