Ɗan ƙwadagon da ba ya karɓar lada a gonar riɗi

Da an ambaci ƙudan zuma, hankalinmu sai ya tafi kan kwalbar zuma. A ganina nan muka yi kuskure, domin abin da ake tatsa daga amya kaɗan ne cikin arzikin da ƙwaron nan ke jawowa. Babban aikinsa a fure yake. Yana sauka kan wannan, ya tashi zuwa wancan, garin fure na manne a jikinsa, ta haka shuka ke samun barbara har ta yi 'ya'ya.

Gero da dawa da masara iska ce ke yi musu wannan hidima, shi ya sa mai hatsi bai cika damuwa ba. Mai kankana da kabewa kuwa, in babu ƙwari, sai dai ya yi ta kallon yaɗo.

A 2016 kwamitin masana na duniya, IPBES, ya ƙiyasta cewa amfanin gona na dala biliyan 235 zuwa 577 a shekara ya dogara ne ga zuma da sauran masu barbarar fure. Amma binciken da ya fi taɓa ni shi ne na Burkina Faso da aka wallafa a 2017. An rufe furanni aka hana ƙudan zuma kaiwa gare su, sai riɗi ya ragu da kashi 59 cikin 100, auduga da kashi 37. Manomin Jigawa ko Nasarawa da ke sa ran buhu goma ya lissafa da kansa: huɗu ke nan. Riɗin nan kuma shi muke fitarwa waje muna samun dala.

A Kalifoniya ta Amurka, masu gonakin almon, wani itace da ake cin ƙwayar 'ya'yansa, hayar amya suke yi don barbarar fure. Kowane Fabrairu ana kwaso su a manyan motoci daga jihohi masu nisa, ana biyan kusan dala 200 kan kowace ɗaya. Mu Allah ya ba mu kyauta, muna sare ƙirya da kaɗanya don gawayi, muna ƙone zuma da wuta wajen ɗiba.

Feshi ya fi komai ɓarna. Da hantsi, lokacin da fure ya buɗe zuma suka cika gona, lokacin ne yaro ke goya tankin magani. Tarayyar Turai ta hana amfani da wasu magungunan ƙwari uku a fili tun 2018 saboda zuma. Ban ce manominmu ya bar tsutsa ta cinye masa gona ba. Malaman gona da masu shagon magani dai su riƙa faɗa masa: in shuka na fure, a bari sai yamma ta yi, zuma sun koma amya, sannan a fesa. Wannan ko sisi ba zai ci masa ba.